Sharhi: Gardamar Manya da Yara a Kan Star Wars

Masu saurare, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau a kan wata gardama ce da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masoya fina-finan Star Wars, labarin yaƙin sararin samaniya da George Lucas ya fara fitarwa a Amurka a 1977.

Waɗanda suka shiga sinima suna yara suka ga na farkon, da na 1980, da na 1983, yau furfura ta fito musu, kuma da yawansu na ganin a nan labarin ya ƙare. A 1997 Lucas ya yi wa tsofaffin fina-finan kwaskwarima da kwamfuta. Akwai wani waje da Han Solo, ɗaya daga cikin jaruman labarin, ke zaune da ɗan ta'ifen da aka aiko ya kama shi, bindiga na ƙarƙashin tebur. A na asali Han ne ya yi harbi. A na gyara sai aka sa abokin gabar ya fara. Abin bai wuce ƙiftawar ido ba, amma har gobe ba su yafe ba, domin a ganinsu an sauya wa gwarzonsu hali.

Da Lucas ya fara fitar da sabon zubin fina-finan a 1999, manyan suka yi masa ca. Wanda ya fi shan wuya shi ne Ahmed Best, matashin da ya taka rawar Jar Jar Binks, wata halitta mai ban dariya da aka yi don ƙananan yara. A 2018 ya bayyana cewa zagin da ya sha ya kai shi ga tunanin kashe kansa. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Mutum ya yi aikin da aka ba shi, yara suna ta ƙyalƙyala dariya a sinima, amma iyayensu da yayyensu suka mai da rayuwarsa kurkuku.

Yaran nan sun girma, sun kuma tsaya wa fina-finansu. Sai dai bayan Disney ya sayi kamfanin Lucasfilm a 2012 a kan kimanin dala biliyan 4, ya fitar da nasa a 2015 da 2017 da 2019, wasunsu suka ɗauki sandar da aka doke su da ita. A 2018 Kelly Marie Tran, 'yar wasan da ta fito a fim ɗin 2017, ta goge duk abin da ta wallafa a Instagram saboda cin mutuncin da aka yi mata, har da gorin launin fata.

Ni dai a nawa ganin, kowane rukuni yarintarsa yake karewa. Lucas da kansa ya sha faɗin cewa don 'yan shekara goma sha biyu ya yi fim ɗin. Mai shekara hamsin da ya zauna yana jiran gabansa ya faɗi kamar yadda ya faɗi a 1977, ba darakta ne zai iya ba shi wannan ba. Sukar fim haƙƙinsa ne, kuma wasu sassan sun cancanci suka. Farautar ɗan wasa har ƙofar gidansa ta intanet kuwa zalunci ne.

A 2023 an sake kiran Ahmed Best cikin shirin The Mandalorian, a matsayin ɗaya daga cikin Jedi, mayaƙan kirki na labarin, wanda ya ceci jariri Grogu daga kisa. Waɗanda suka fi yi masa maraba su ne yaran nan na 1999, bayan shekara 24.