Ina 'yan kayayei ke kwana?

Dubi yarinyar nan da ƙaton daro a ka, tana kutsawa cikin cunkoson kasuwar Makola a birnin Accra. A Ghana ana ce wa irinsu, mata masu dakon kaya, kayayei. Rabin sunan namu ne: "kaya" na Hausa aka haɗa da "yei", wato mata a harshen Ga. Yawancinsu daga arewa suke gangarowa, wajajen Tamale da Walewale, musamman in an gama girbi rani ya shigo. Wata kuɗin makaranta take nema, wata kayan ɗaki.

Wahalar rana kowa na gani. A kasuwar Kantamanto, dilar gwanjo ɗaya kan kai kilo 55, kuma wuya da gadon baya ne ke biya. Ta dare ce ba a gani.

Da yawa a unguwar Old Fadama suke kwana, bakin kogin Odaw. Ɗaki ne na katako da kwano, mata sun cure a ciki kamar an jera kifi, kowacce da kuɗin kwananta. Ruwan sha saye, wanka saye, shiga bayan gida ma sai an biya. Ɗaya ta fara tari, kafin mako ya zagayo ɗakin duka ya ɗauka. Irin waɗannan unguwanni ne kwalara ta fi yi wa ɓarna a 2014.

To, wadda ta samu ɗakin ma mai hali ce. Wadda ba ta samu ba, kwali take shimfiɗawa a ƙofar shago, goyonta a gefe, kuɗinta ƙulle a bakin zani. Ga sauro, ga ruwan sama, ga miyagun maza masu yawon dare. Barci rabi da rabi.

Za ka ce ai Ghana na da inshorar lafiya tun 2003. Haka ne. Amma katin sai an sabunta duk shekara, kuma yini guda a layin asibiti yini ne babu ko sisi. Sai ta sayi ƙwayar rage ciwo a kantin magani, ta sake ɗora daro.

Ɗakin katakon ma ba tabbas. A watan Yunin 2015, bayan ambaliya da gobarar da suka ci rayuka da dama a Accra, hukumar birni ta shigo da motocin rusau ta kwashe wani ɓangare na Old Fadama don buɗe hanyar ruwa. Dubban mutane suka wayi gari babu wurin kwana.