Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa salatif ke haske in an ɓare shi cikin duhu?

Tambaya ta gaba daga Gusau take, daga wani mai sauraronmu da ke sana'ar ɗaure kaya a kwali. Ya ce wani dare an ɗauke wuta yana tsaka da aiki, ya fizgi salatif, sai ya ga ɗan haske shuɗi-shuɗi yana bin daidai bakin da ke ɓarewa. Shi ne yake tambaya, idonsa ne ke masa gizo ko kuwa?

To Malam, idonka lafiya lau. Walƙiya ka gani, 'yar mitsitsiya.

Yayin da gam ke rabuwa da bayan salatif, cajin lantarkin da ke jikinsu ba ya rabuwa daidai. Gefe ɗaya ya kwashi fiye da rabonsa, ɗayan ya tashi da giɓi. Tazara na buɗewa sai lantarkin ya tsallake ta, ya bangaji iskar da ke tsakani. Kashi 78 cikin 100 na iska nitrojin ne, shi kuwa in ya sha irin wannan bugu haske yake fitarwa. Galibin hasken ido ba ya iya ganinsa, ɗan ragowar shuɗin ne ke iso mana, shi ya sa yake dishi-dishi. Danginsu ɗaya da ƙas-ƙas ɗin nan da rigar sanyi ke yi in ka tuɓe ta da hunturu.

Abin ya daɗe yana ba masana mamaki. Tun a 1620 Francis Bacon na Ingila ya rubuta cewa dunƙulallen sukari yana tartsatsi in an kankare shi cikin duhu. A 1953 masana a Tarayyar Sobiyet suka ce ɓare salatif a inda babu iska har hasken X-ray, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, yake fitarwa. Sai a 2008 tawagar Seth Putterman a Jami'ar Kaliforniya da ke Los Angeles ta tabbatar da hakan: suka riƙa warware salatif santimita 3 a daƙiƙa cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, har suka ɗauki hoton ƙashin yatsa. Da salatif fa, jama'a!

Amma kada hankalinka ya tashi, Malam, a iskar shagonka salatif ba ya fitar da X-ray. Wanda ke son gani da idonsa ya zauna cikin duhu kamar minti 10, ido ya saba, sannan ya fizgi salatif ɗin da sauri.