Yadda zaka gane shekarun tsohuwar kwalbar magani

Jama'a barkanmu da warhaka. Kwalabe uku ne a gabana, kuma kafin mu je ga launi ko rubutu, dan Allah fara sa ɗan yatsanka a gefen kwalbar ka shafa. Zakaji wani siririn layi ya taso daga gindi ya nufi sama. Wannan shine inda ɓari biyu na mazubin ƙarfe suka haɗu lokacin da ake zuba ta, kuma shi yafi komai faɗin gaskiya.

Kalli wannan ta farko. Layin ya hau har wuya sai ya ɓace, bai kai baki ba. Toh mutum ne ya hura ta da bakinsa, sannan ya sa wani ƙarfe ya murza bakin tun gilashin na da zafi, murzawar ce ta goge layin, in ka ɗaga ta a rana ma zakaga ƴan zane-zane sun zagaye wuyan. Ta biyun kuwa layin ya zarce har saman baki, aikin inji kenan. Wani Ba'amurke Michael Owens ne ya yi rajistar injin kwalba mai sarrafa kansa a 1903, a garin Toledo na jihar Ohio, amma ba rana ɗaya kowa ya koma inji ba, ƙananan kwalaben magani an ci gaba da hura su har wajen 1915 zuwa 1920. Shi yasa bana son inji mutum ya yanke shekara ɗaya tak, tsakani ake faɗa.

Yanzu juya gindin. In kaga tabo mai kaushi kamar an ɓalle wani abu, har yana iya yankarka, wannan wurin sandar da aka riƙe kwalbar da ita ne, kuma a Amurka an daina haka kusan 1865. Irin wannan ta tsufa sosai, riƙe ta da kyau. In kuma tambari ne na harafin I a cikin O da zanen daimon, na kamfanin Owens-Illinois ne wanda aka kafa a 1929, lambar da ke hagun tambarin tana nuna masana'anta, ta dama kuma shekara.

Launi fa shine yake yaudarar mutane. Kore-kore mai ruwan shuɗi daga ƙarfen cikin yashin da ake yin gilashi da shi yake. Wadda ta koma shunayya, sinadarin manganis aka sa mata dan ta yi fari tas, rana ce ta juya ta a hankali, kuma anfi yin haka daga 1880 da wani abu zuwa lokacin yaƙin duniya na ɗaya. Sai dai akwai masu haska kwalba da na'ura ta yi shunayya mai duhu dan su tsuga kuɗi, abin nan yana min ciwo wallahi, saboda sun ɓata shaida.

Ta ukun nan shuɗiya mai gurgura a jiki ta guba ce, ƴan Ingila suna rubuta NOT TO BE TAKEN, wato kar a sha. An yi gurguran ne dan wanda ya lalubo ta cikin duhu, lokacin fitilar kananzir, hannunsa ya gaya masa. Rubutun CURE, wato waraka, kuma ya fara ja baya bayan dokar abinci da magani ta Amurka ta 1906 da gyaran 1912 da ya hana alƙawarin waraka na ƙarya. Kafin nan ana sayar da wani maganin sha mai suna Mrs. Winslow's Soothing Syrup ma jarirai masu fitar da haƙori alhali akwai mofin, wato magani mai ƙarfi mai sa maye, a ciki.

A nan arewa, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ne, daga nan kayan Turai suka yawaita, dan haka wadda ka tono a tsohon juji ko wajen haƙa fandisho zaifi yiwuwa ta inji ce. In da sauran magani a ciki kar ka shinshina balle ɗanɗanawa, sa safar hannu. In da takarda a jiki kar ruwa ya taɓa ta, ɗauki hotonta tukuna, sannan hoton gindi da na wuya.