Bas ɗin Volkswagen mai ɗakin kwana a kan babbar hanya: daga T1 zuwa T3

Hadiza: Assalamu alaikum, masu saurare. Yau zancenmu a kan bas ɗin Volkswagen ne, wadda Turawa ke mayarwa ɗakin kwana da kicin su shiga doguwar tafiya da ita, wadda kuma mutanen Legas suka san 'yar'uwarta da sunan danfo. Malam Garba, tsakanin ƙirarta ta farko da ta biyu da ta uku, wato T1 da T2 da T3, wacce ta fi iya babbar hanya?

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Kafin in amsa, Hadiza, a tuna cewa T1 ɗin da ta fara fitowa a Jamus a 1950 injinta ƙarfin doki 25 ne kacal, irin na motar Beetle, kuma gudunta bai fi kilomita 80 a awa ba. Da kamfanin Westfalia ya soma haɗa mata kayan kwana da na girki a 1951, sai nauyi ya ƙaru alhali injin yana nan yadda yake.

Nuhu: Amma Malam, ai ta ci gaba, domin a 1963 an sa mata injin lita 1.5 mai ƙarfin doki 42.

Malam Garba: Haka ne, Nuhu, sai dai akwai wasu ƙananan giyoyi da aka dasa a gindin tayoyinta na baya domin ta iya jan kaya da hawan tudu. Suna ba ta ƙarfi a karkara, amma a kan miƙaƙƙiyar kwalta suna tilasta wa injin juyawa da sauri ƙwarai kafin a samu matsakaicin gudu. Injin kuwa iska ce ke sanyaya shi, ba shi da lagireto, kuma na'urar sanyaya baƙin mai tana tare wa silinda ta uku iska, shi ya sa bawul ɗinta ne ya fi yawan ƙonewa. Abin dubawa a nan shi ne gudun da motar za ta riƙe awa huɗu ko biyar ba tare da injin ya yi zafi ba, ba iyakar abin da allura ta nuna sau ɗaya a gangare ba.

Hadiza: To me T2 ta gyara, wadda ta fito a 1967 da gilashin gaba guda ɗaya maimakon rababbe?

Nuhu: Ta rabu da waɗancan giyoyin, aka kuma sake tsarin ƙafafunta na baya, wanda ya sa ta fi zama daram wajen shan kwana. Ƙirar 1971 ta zo da birkin faifai a gaba, aka kawar da na'urar sanyaya mai daga hanyar iska. Daga baya injin ya girma har lita 2 mai ƙarfin doki 70. A ganina, ita ce ta farko da direba zai bi ayarin manyan motoci ba tare da ya zama cikas a hanya ba.

Malam Garba: Na yarda, amma ka bar maganar iska. Jikinta kamar akwati yake, inji yana baya, direba kuma yana zaune a kan tayar gaba, saboda haka duk lokacin da tirela ta gifta ko iska ta bugo daga gefe, sai sitiyari ya nemi ƙwacewa. Idan tana da rufi mai ɗagawa irin na masu ɗakin kwana, abin ya fi tsanani.

Hadiza: Ke nan T3 ta 1979 ce ta warware wannan?

Malam Garba: Ta rage shi sosai, domin ta fi faɗi, an kuma matsar da tankin mai gaba, nauyi ya kusa daidaita tsakanin gaba da baya. Amma farkonta bai burge ba, tunda tsofaffin injunan iska aka ɗora wa jiki mai nauyi. Mai dizal ta 1981 kuwa, ƙarfin doki 50 gare ta, hawan tudu da ita sai mai haƙuri. Sai da injin da ruwa ke sanyayawa ya zo, musamman mai lita 2.1 na 1985 wanda ya kai ƙarfin doki 112, sannan ta zama motar babbar hanya ta gaske.

Nuhu: Shi ma yana da nasa aibin, Malam, domin gaskit ɗinsa ya yi suna wajen yoyon ruwa.

Malam Garba: Gaskiya ne, kuma bututun ruwan dogo ne, ya taso daga lagireto a gaba har zuwa inji a baya, ko'ina yana iya tsatsa. Duk da haka, in aka ce in tashi daga Hamburg a arewacin Jamus zuwa Munich a kudu a yini ɗaya da iyali da kaya, T3 mai lita 2.1 zan ɗauka, bayan na duba gaskit da bututun nan da idona.