Amsoshin Tambayoyinku: Ɗalibi Makaho da Jarrabawar JAMB

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta farko daga wata uwa ce a unguwar Kurna. Ta ce ɗanta ba ya gani, ya kammala sakandire a makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki, yanzu jami'a yake so. Shin ana ɗauke wa irinsa jarrabawar JAMB ne, ko dole sai ya zauna gaban kwamfuta kamar kowa?

To Hajiya, ba a ɗauke masa. Darussa huɗun nan, har da Turanci, sai ya rubuta su. Abin da ake sauya masa shi ne yadda zai rubuta. A 2017, zamanin Farfesa Is-haq Oloyede, hukumar JAMB ta kafa kwamitin JEOG, wato kwamitinta na ba kowa dama daidai, ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin irin waɗannan ɗalibai. Ana tara su a cibiyoyi na musamman, kuma ɗaya daga ciki tana nan Jami'ar Bayero, saboda haka ba sai kun bar Kano ba. Ana karanto tambayoyin da baki, ɗalibi ya amsa da rubutun makafi na burel, ko da tafireta, ko da kwamfuta. Hukumar ce ma ke ɗaukar nauyin masaukinsa, shi da ɗan rakiyarsa.

Amma Hajiya, ki riƙe wannan da kyau: ranar rajista ake gyara komai, ranar ake ɓata komai. Ki tsaya a kansa har ki tabbata an shigar da cewa ba ya gani. Masu rajistar nan sauri suke yi, layi ya yi tsawo. In aka tsallake wurin, cibiyar kowa da kowa za a tura shi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Raina yana ɓaci in ga yaro mai ƙoƙari ya yi asarar shekara a kan wannan.

Sai wani malami daga Gwale, yana da ɗaliba zabiya mai raunin gani da za ta rubuta WAEC. Malam, akwai takardar tambayoyi mai manyan haruffa da ƙarin lokaci, amma ta hannun shugaban makaranta ake nema, tun lokacin rajista. In aka ja muku rai, ku tunatar da su dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019.

Bari mu ɗauko wasiƙa ta gaba.