Tulu Ko Fiyano? Hira Kan Waƙar Sujada

Ladi: Jama'a barkanmu da war haka. Tun ranar Lahadi saƙonni suke ta shigowa a WhatsApp kan maganar kiɗa a coci. Yaya Bulus, kai ka tono ta.

Bulus: Ni dai roƙona ɗaya, a bar mana Littafin Waƙoƙi. Yanzu ka shiga sujada, jita da lasifika har ƙirjinka na rawa, amma kalma ɗaya ba ka kama ba.

Ladi: Kan lasifika na ba ka gaskiya. Amma yawancin waƙoƙin littafin nan fassara ce, muryarsu daga Turai da Amurka ta zo. Hausa kuwa da hawa da saukar murya take aiki. Kuka ta miya da kukan hawaye, me ya raba su? Murya! In ka ɗora kalma kan karin da ba nata ba, sai ta karkace. Shi ya sa in Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan coci, suka tashi, jagora ta bayar, sauran su amsa, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe littafi ba ta haddace kafin a tashi.

Talatu: Ga tulu!

Ladi: Ga tulu, ana buga bakinsa yana wani gum-gum, ga caki. Mishan na farko da yawa ba su yarda da ganga a coci ba, suna ganin ta bori ce. Mata ne suka shigo da kayan ɗakinsu.

Talatu: Kakata ba ta yarda a ɗebi ruwa da nata. Tana da na ruwa, tana da na Yesu.

Bulus: Na Yesu ya fi girma ko?

Talatu: Ya fi! Zane ma take lulluɓa masa. In za a taron mata, a cinya take riƙe shi cikin mota daga Kagoro har Jos, ko jakarta ba ta kula haka.

Bulus: To in ya fashe fa?

Talatu: Ranar ba mai cin tuwo a gidanmu.

Ladi: Kun gani? Kuma ba a cocin ECWA kaɗai ake wannan ba. Je cocin COCIN a Filato, je cocin EYN a Garkida, za ka ji ana yi da Hausa, can a juya zuwa Ngas ko Bura. 'Yan Sabon Rai, ƙungiyar masu yaɗa bishara, kuma da nasu salon. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki da Hausa, to don me waƙarmu za ta tsaya da murya ɗaya?

Bulus: Amma ranar jana'iza, Ladi, waƙar littafi kowa ke nema. Ita aka yi wa babana.

Ladi: Haka ne, Yaya. Nan kam ban da ta cewa.

Talatu: Ba mu taɓo matasa da waƙoƙin Turanci ba, ga lokaci ya ƙure.

Ladi: Sai mako mai zuwa. Ku turo mana sautin Zumuntar Matan cocinku, muna so mu ji.