Sirrin gwamnati: na wa ne, kuma har yaushe?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwa ma'aikata da 'yan jarida, ɗalibai maza da mata, barkanmu da warhaka.

An ce in yi magana a kan amanar mulki da sirrin gwamnati. To, mu soma da ranar 23 ga Nuwamba, 2009, ranar da aka fita da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya jiƙansa, zuwa asibiti a Jidda. Da yawanku kuna tune da abin da ya biyo baya. Mako ya bi mako, ba wanda ya ga shugaban ƙasa, ba takardar miƙa mulki ga mataimakinsa, na kusa da shi kuwa kullum maganarsu ɗaya: yana samun sauƙi. Sai a watan Janairu muka ji muryarsa a raunane, ta wayar tarho, a BBC. Da wannan 'yar hirar Majalisar Tarayya ta kafa hujja, ta mai da Goodluck Jonathan muƙaddashi ranar 9 ga Fabrairu, 2010. Kwana 78 ke nan ƙasa guda ba ta san hannun wa take ba.

Ciwo ba laifi ba ne, kuma mara lafiya ya cancanci a rufa masa asiri. Haka addini ya koya mana, haka aka raine mu. Amma ko shugaba zai iya aiki ko ba zai iya ba, wannan ya wuce maganar iyalinsa, magana ce ta duk wanda ya bi layi cikin rana ya jefa ƙuri'a. Abin da ya fi taɓa ni, wannan bawan Allah shi ne ya bayyana wa duniya kadarorinsa a 2007, alhali doka ba ta tilasta masa wallafawa ba. Da ya kwanta, sai aka lulluɓe shi da irin ɓoyon da ya ƙi yana tsaye. Saboda wannan aka gyara sashe na 145 na tsarin mulki: in shugaba ya kwana 21 bai aiko da takarda ba, majalisa ta ɗora mataimakinsa.

Ina muka samo wannan ɗabi'a? Gadon Turawa ne. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta da wanda za ta yi wa bayani a ƙasar nan, bayaninta Landan yake zuwa. Da muka sami 'yanci, maimakon mu sauya, sai muka kafa tamu Dokar Sirrin Gwamnati a 1962, mai hukuncin ɗaurin da kan kai shekara 14. Soja suka zo suka ƙara mata ƙaimi. A 1984, ƙarƙashin Doka ta 4, an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda, kan labarin naɗin jakadu kawai.

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a cikinku ya san yadda abin ya sauko har ƙasa. Ka shiga ofis neman sanin nawa aka ware don gyara asibitin garinku. Akawu ya dube ka, ya ɗora gwiwar hannu a kan fayil, ya ce sai an sami izini daga sama. Ba mugu ba ne. Tun ranar da aka ɗauke shi aiki aka rantsar da shi a kan ya kama bakinsa, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa masu fayil ɗin su ne waɗannan da ke tsaye a bakin taga.

Kada wani ya fita ya ce na ce a tone komai. Akwai sirrin da rai ya rataya a kansa. Mutumin ƙauye a Zamfara da ya tsegunta wa jami'an tsaro maɓoyar 'yan bindiga, in sunansa ya fita, ba zai kwana ba. Hanyar da soja za su bi gobe, ba a shelanta ta. Sai dai ku lura, irin wannan sirrin yana da dalilin da za a iya faɗa a bainar jama'a, yana kuma da ranar ƙarewa. Yanzu ku auna shi da kuɗin tsaro da ake ba gwamnoni duk wata, ba rasit, ba mai bin sawu. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta irin wannan kuɗi ya kai dala miliyan 670 a shekara a Najeriya. Ka tambayi inda ya shiga, a ce maka maganar tsaro ce. Wane tsaro, alhali manomi na biyan ɓarayin daji haraji kafin ya girbe gonarsa? Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Amma fa muna da makami, rashin ɗaukarsa ne matsalarmu. Tun 1993 ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa da masu rajin kare haƙƙi suka soma fafutukar Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Majalisa ta amince a 2007, Obasanjo ya ƙi sa hannu. Sai 28 ga Mayu, 2011 Jonathan ya rattaba. Jihohi da dama suka noƙe, suka ce dokar tarayya ce, ba ta hau kansu ba, har Kotun Ƙoli ta raba gardama a watan Afrilu 2025, a wata shari'a daga jihar Edo, ta ce ta hau kowa.

Dokar ta ce ba sai ka faɗi dalilin da ya sa kake tambaya ba. Ta ce buga wa takarda hatimin sirri kaɗai bai isa hujjar hana ta ba. Ta kuma kare ma'aikacin da ya fallasa ɓarna da kyakkyawar niyya. 'Yan'uwa ma'aikata, wannan taku ce, ku riƙe ta.

Ɗalibai, ga yadda ake yi. Ku zaɓi abu ɗaya, ko rijiyar burtsatse ce da aka kafa wa allo ba ruwa. Ku rubuta wa shugaban ma'aikatar, ku nemi sunan ɗan kwangila, da kuɗin da aka amince, da abin da aka biya. Ku je da kofi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku, kada ku baro wurin sai an buga. Suna da kwana 7 su amsa, suna iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa. In sun ƙi, ko sun yi gum, kuna da kwana 30 ku kai ƙara kotu, kuma hanawa ba bisa ƙa'ida ba tarar naira 500,000 ce.

Shugaban taro, na ga hannuwa tun ɗazu daga ɓangaren mata. A ba su lasifika.